Gammon Eto: Yadda Ake Riƙe Kayan Gyara Ba a Ji Masu Ciwo Ba

Ina gaida ɗaliban karatun manya waɗanda sunka taru gindin rediyo, kowa da littafinsa da alƙalaminsa. Wanda takardar nan ta iske hannunsa, ya bi ta da yatsa sannu-sannu. Ba sauri muke yi ba.

Zancenmu na yau na masu aikin hannu ne: maƙera, da makanikai, da masu gyaran keke, da masu gyaran injin ban ruwa, da kafintoci. Amma wanda ba ya sana'a ko ɗaya cikin waɗannan, kada ya tashi. In kana da keke, ko moto, ko keken ɗinki, ko famfo a gida, wata rana kayanka za su shiga bakin ƙarfen da za mu yi magana bisa kansa. Gara ka san abin da ke samunsu can ciki.

Ƙarfen nan sunansa eto. Ku rubuta: e, t, o. Baƙaƙe uku ke nan. Daga Faransanci munka aro sunan. Ƴan'uwanmu na Najeriya bayis suke ce mashi. Kun san shi, ko ba ku san sunansa ba. Shi ne ƙaton ƙarfen nan da ake kafewa bisa tebur a garaji, ko bisa kututturen itace a maƙera. Yana da muƙamuƙi biyu, ɗaya na tsaye, ɗaya na tafiya. In ka juya hannunsa dama, baki ya rufe. In ka juya hagu, baki ya buɗe. Shi ke riƙe ma mai aiki abin da zai yanka, ko zai goga, ko zai huda, don hannuwansa biyu su samu sakewa. Inda babu shi, yaro ne ke riƙe ma maigida ƙarfe da awartaki. Shi kuwa eto ba ya gajiya, ba ya kallon masu wucewa.

Ran da kunka je garaji, ku leƙa cikin bakinsa. Za ku ga haƙora ƙanana a jere, an gicciya su kamar na magagari. Ba ƙarfen banza ba ne. An gasa shi, an tsoma shi cikin mai ko ruwa don ya yi tauri, yadda maƙeri ke yi ma bakin gatari. An yi haƙoran don su kama ɗanyen ƙarfe kada ya kuɓuce. Ga wannan aiki ba su da laifi. Laifin yana zuwa sa'ad da anka ba su abin da ba abincinsu ba.

Abin da eto ya ciza, alama na nan. Wasu su ce ai muni ne kawai, ba komi. A'a, sau da yawa ya wuce muni. Ku dubi sandunan nan biyu masu ƙyalli na gaban moto, waɗanda ke shiga suna fita in an faɗa rami. Akwai mai cikinsu, akwai kuma wata ƴar roba da ke tare man kada ya fito. In haƙorin eto ya karce sandar, karcen nan yana da kaifi. Kowane rami, sai ya yanki robar kaɗan. Bayan kwanaki mai ya fara tsiyaya, yana gangarowa wajen birki. Mai moto ya koma garaji, a sa sabuwar roba, ita ma ta yanke. Yana ta sayen roba, alhali ciwon ga sanda yake.

Akwai wadda ta fi wannan. Kun ga yadda tela ke yi in zai raba yadi. Ba ya yanka shi duka da almakashi. Ɗan tsaga yake yi a baki, sa'an nan ya ja, yadi ya kece har ƙarshe. Ƙarfe ma haka yake. Ƙarfen da ke ɗaukar nauyi yana girgiza, kamar na cikin gargaren keke ko na amalanke, in zai karye, daga wurin wani ɗan tabo yake farawa. Yau tsagar ba ta ganuwa, gobe ta ƙaru, wata rana ya ɓalle bisa hanya da kaya, ko da mutum a kai. Tabon haƙorin eto irin tsagar telan nan ce.

Me ya sa cizon ya yi tsanani haka? Ku ɗauko alƙalami, mu yi lissafi tare. Cikin eto akwai wani babban ƙarfe mai zare, shi ke jawo muƙamuƙi. A ce hannun eto tsawonsa santimeta 20 ne. In ka juya shi sau ɗaya, hannunka ya yi kewayen santimeta 125, wato milimeta 1250. A ce kuma muƙamuƙi ya matsa milimeta 5 cikin juyin nan. Ku raba 1250 gida 5. An samu 250. Ma'anarsa, ƙarfin hannunka an riɓa shi sau 250. In ka tura da ƙarfin kilo 10, wanda ko yaro na iyawa, lissafi ya ba da kilo 2500. Gaskiya ne, gogayyar ƙarfe da ƙarfe na cinye mafi yawa. To, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ya rage, kilo 625 ke nan. Ya fi buhun hatsi 6 masu kilo ɗari-ɗari. Duk wannan nauyi bisa tsinin haƙora yake sauka.

Nan ne sirrin yake. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma cikin rairayi jaki ke nutsewa, raƙumi na tafiyarsa. Tafin raƙumi faɗi gare shi, taushi gare shi, yana baza nauyi. Kofaton jaki ƙarami ne mai tauri, yana tara nauyi wuri ɗaya. Haƙorin eto kofaton jaki ne. Abin da muke nema shi ne mu sa mashi tafin raƙumi.

Mata sun riga mu sanin wannan dabara. Ba wadda za ta ɗora tulu cike da ruwa bisa tsurar kai. Sai ta naɗa gammo. Gammo ba ya rage ma tulu nauyi ko kaɗan. Baza nauyin yake yi, ya kuma hana tulu zamewa. Abin da ake sawa tsakanin haƙoran eto da kayan gyara, masu Faransanci suna ce mashi mordash. Ni cikin wannan hira gammo zan kira shi, gammon eto, don shi ne aikinsa. Guda biyu ake yi, kowane muƙamuƙi da nasa.

Doka ɗaya ke gare shi, ku rubuta ta da manyan baƙaƙe: gammo ya fi kayan gyara taushi. In abu biyu sunka matsu, mai taushi ke ɗaukar tabo. Muna so tabon ya sauka bisa gammon da ba a saya ba, ya bar kayan mutane.

Yaya za ka san wanda ya fi wani taushi? Karce ɗaya da ɗaya. Wanda ya karci ɗan'uwansa shi ya fi tauri. Wani Bajamushe masanin duwatsu, sunansa Mohs, da wannan dabara ya jera abubuwa a shekara ta 1812, daga lamba 1 zuwa 10. Dutsen daimon shi ne 10. Bisa wannan awo, dalma tana wajen 1 da rabi. Akaifar mutum da azurfa suna wajen 2 da rabi. Aliminiyom da jan ƙarfe suna wajen 3. Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana wajen 4. Ƙarfen magagari ya wuce 6. Tsakuwar rairayi kuwa 7 ce. Ku riƙe wannan 7 ɗin, za mu komo kanta.

Yanzu mu ƙera. Wanda ya fi sauƙin samu, ya kuma fi yawan amfani, shi ne na aliminiyom, wanda tsofaffi ke kira gorar ruwa. Nemi falle mai kaurin milimeta 1 zuwa 2, wajen kaurin ƴar dala ashirin. Tsohon faranti na yi, tsohon murfin tukunya mara kauri na yi. Wanda ya fi duka shi ne guntayen da masu haɗa taga da ƙofa na aliminiyom ke zubarwa, don wasu a lanƙwashe suke tun daga masana'anta, yanka kawai za ka yi. Abu biyu ba su yi. Gwangwanin lemo ya cika sirantaka, haƙori na huda shi ya isa ga kaya. Tukunyar zubi kuma, irin wadda ake narkawa a zuba cikin ƙasa, ba ta lanƙwasa, karyewa take yi.

Auna bakin etonka. Da yawa faɗinsu santimeta 10 ne, wasu 12 da rabi, wasu 15. A ce naka 10 ne, zurfin wurin haƙora kuma santimeta 3. Ƙara wasu 3 waɗanda za su kwanta bisa kan muƙamuƙi. Falle biyu ke nan za ka yanka, kowane 10 bisa 6. Goge bakinsu da magagari, kada su yanke ka, kada su karci kaya. Haɗa su biyu, sa su cikin eto, ka bar santimeta 3 a waje ta sama, ka matse. Sa'an nan ka ɗauki guntun itace ka buga, ɗaya ya kwanta gaba, ɗaya ya kwanta baya. Da itace na ce, ba da guduma ba, don guduma na barin sawu. Buɗe eto. Ga gammo biyu zaune bisa muƙamuƙi kamar sirdi bisa doki.

In kana so kada su riƙa faɗuwa duk sa'ad da ka buɗe baki, yanka su 12 maimakon 10. Santimeta ɗaya da ta yi saura dama da hagu, ka lanƙwasa ta ta rungumi muƙamuƙi, kamar kunnuwa. Wannan ƴar ƙari tana da daraja. Gammon da ke faɗuwa ƙasa kullum, yaro zai gaji da duƙawa, ran nan ya ture shi gefe ya ci gaba da aiki ba shi.

Wani lokaci fallen na da tauri, yana tsagewa wurin lanƙwasa. Shafa mashi sabulu, ka riƙe shi da awartaki bisa wuta. Da sabulun ya yi baƙi, ɗauke shi, ka bari ya huce. Ya yi taushi ke nan. Kada ka jira ya yi ja kamar baƙin ƙarfe. Aliminiyom ba ya gwada maka ja, sai dai ka ga ya narke ya zube, don yana narkewa a zafin digiri 660.

A nan sai na tsaya, don akwai ruɗani cikin bakinmu. Mutane da yawa suna ce ma aliminiyom dalma, har ana cewa tukunyar dalma. Dalma ta gaskiya dabam take. Ita ce ta cikin tsohon batirin mota. Ɗaga ka ji: guntun dalma ya fi guntun aliminiyom mai girmansa nauyi sau 4. Akaifa na karce ta, in ka goga ta bisa takarda tana barin baƙin layi. Masu sana'a na da, a ƙasashe da yawa, da ita suke gammon eto, don taushinta. Wani tsohon makaniki zai ce maka ba abin da ya kai ta. Wajen riƙo gaskiyarsa. Duk da haka ni ina roƙonku ku bar ta.

Dalma dafi ce. Ba ta kashewa nan take kamar cizon maciji, taruwa take yi cikin jiki. Ana shaƙar hayaƙinta wurin narkawa. Ƙurarta na manne ga hannu da riga, a je gida a ci tuwo da ita, a ɗauki yaro da ita. Yara ƙanana ta fi cuta, don ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya komawa. A shekara ta 2010, a ƙasar Zamfara, ba nisa da iyakarmu, yara fiye da 400 sunka rasu ta dalilinta. Dutsen zinariya mai dalma ake niƙawa cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa. Can ƙurar ta yi yawa ƙwarai, ba a kwatanta ta da ta garaji. Amma dafin ɗaya ne. Tunda aliminiyom da itace na yin aikin, ba dalilin fasa batir don gammo.

Jan ƙarfe shi ma gammo ne mai kyau, ya ma fi aliminiyom daɗewa, kuma yana jure zafi, don sai digiri 1085 yake narkewa. Tsohon tiyo na jan ƙarfe, ka tsaga shi ta tsawo, ka baje. Ban ce a je a yanko wayar lantarki ta gwamnati ba! Shi ana gasa shi har ya yi ja, a tsoma cikin ruwa. Maƙera za su yi mamaki: abin da ke sa bakin gatari tauri, shi jan ƙarfe da taushi yake fitowa. In ya sha matsa ya sake ƙandarewa, a sake gasawa.

Gammon ƙarfe na abu mai shimfiɗaɗɗen jiki ne. Abu mai kewaye, kamar tiyo ko sanda, labarinsa dabam. In ka sa tiyo tsakanin muƙamuƙi biyu, layi biyu kawai ke taɓa shi, ɗaya nan, ɗaya can. Ka ja, ya juya. Ka ƙara matsa, ya lotse ya koma kamar ƙwai. Tiyon da ya lotse ba ya shiga ɗan'uwansa, ba ya riƙe ruwa. Masu noman rani na Gulbin Maraɗi, da na Konni, da masu albasa na Galmi sun san hasarar da ke cikin tiyon da ke yoyo, ko ke shan iska, ranar da shuka ke jiran ruwa.

Maganinsa itace. Ka je wurin kafinta ka roƙi guntaye biyu masu kauri, irin waɗanda zai jefa wuta. Itace mai ƙarfi ya fi, kamar aduwa ko ƙirya, amma kowane na yi, kuma ba sai an sari itace ɗanye don wannan ba. Haɗa guntayen biyu, ka sa fallen kwali tsakaninsu, ka matse cikin eto. Huda rami daidai bisa layin kwalin, faɗinsa daidai da tiyonka. Buɗe, ka jefar da kwali. Kowane guntu yanzu yana da rabin rami. Sa tiyo ciki, ka matse. Itacen ya rungume shi ta ko'ina. Me ya sa anka sa kwali? Don in an cire shi, ramin ya ɗan kasa tiyo, itace ya kama tiyo kafin guntayen biyu su haɗu. In babu kwali, guntayen za su haɗu da juna, tiyo na yawo ciki.

Guntu ɗaya na ɗaukar rami uku ko huɗu, babba da ƙarami. Ka rubuta awon kowane rami kusa da shi: 20, 25, 32. Ga amfanin karatu ya zo har bisa teburin aiki. Wanda ba shi da abin huda, ya sassaƙa kwari mai kusurwa, kamar bakin kibiya, cikin kowane guntu. Wannan na taɓa sanda wuri huɗu maimakon biyu, kuma kwari ɗaya na karɓar sanda iri-iri. A kula da abu guda: ramin ya gicciye jijiyar itace, kada ya bi ta. In ya bi ta, tiyo zai tsaga guntun kamar yadda ake faskare. In kuma tiyon siriri ne ƙwarai, ko na roba ne, cusa mashi sanda a ciki daidai wurin matsa, don ya samu abin jingina.

Bulon fa, wato ƙarfen nan mai zare da ake ɗaura ma noti? Sau nawa kun ga yaro ya matse zaren bulon cikin eto don ya rage tsawonsa? Ya ida yanka, noti ya ƙi shiga. Zaren ya mutu. A nan gammon da ya fi kowane shi ne noti da kansa. Ɗaura noti biyu, ka matse su da juna, ka kama notin cikin eto, zare na zaune lafiya. Ko ka ɗauki noti ɗaya, ka tsaga gefensa ɗaya da zarton ƙarfe. In ka matse shi, tsagar ta rufe, ya damƙe bulon ba tare da ya taɓa lafiyar zare ba. Wani amfanin kuma, in ka kwance notin bayan yanka, shi zai gyara bakin zaren wurin fita.

Kayan da sunka fi aliminiyom taushi, ko masu ƙyalli, ko masu fenti, fata suke so. Maƙeran fari, masu zobe da munduwa da kuros na Agadas, in azurfa ta yi tabo, sai sun goge ta, kuma abin da anka goge nauyi ne ya tafi. Ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa, shi ya fi, don yana da kauri. Fatar jar akuya ta Maraɗi suna gare ta har ƙasashen waje don laushi, amma ga eto ta yi siriri, sai an manna ta bisa itace. Haka za a yi ma kan famfo na tagulla, da kayan cikin keken ɗinki, da karbiretan moto. Shi karbireta, ko da gammo, hannu biyu ba su taɓa hannun eto, yatsu sun isa. Jikinsa ba ƙarfi, in ya murɗe ko kaɗan, ba mai miƙe shi.

Roba kowa ita yake fara ɗauka, don tana ko'ina. Ba ta kai yadda ake zato ba. Ba ta zamewa, gaskiya, amma kaya na rawa cikinta, layin zarto ya karkace. Mai na ɓata ta, zafi na narka ta. Robar cikin taya na yi ga ƙaramin aiki. Tayar mota kuwa, da yawa akwai waya cikinta, wayar nan na karce kaya fiye da haƙoran da kake gudu. In aiki ya zo da gaggawa ba ka da komi, kwali riɓi biyu ya fi babu. Tsumma ba ya yi, haƙori na ratsa shi.

Mu komo ga lamba 7. Mun ce tsakuwar rairayi ta fi ƙarfen magagari tauri. Gammo kuwa taushi gare shi, duk abin da ya faɗa kansa, in an matse, sai ya nutse ciki ya zauna. Garin ƙarfen da magagari ya zubar, da rairayin da iskar hunturu ke kawowa, su shige cikin aliminiyom ko fata, kansu a waje. Ga gammo ya tsiro haƙora. Mai aiki na ganin ya kiyaye, kaya na fitowa da karce, bai san daga ina ba. Ƙasarmu ƙasar rairayi ce, wannan ya fi shafarmu bisa wasu. Kafin ka matse, share gammo, share kaya. Shafa da yatsa, in ka ji kaushi, goge fuskar da magagari, ko ka yi sabo. In an tashi aiki, kada a bar shi ƙasa. A rataye shi ga ƙusa, ko a sa cikin gwangwani mai murfi.

Akwai na sayarwa a manyan kantunan kayan aiki, na aliminiyom da na roba mai tauri, an yi masu kwari tun daga can, da mayen ƙarfe a baya don su manne ga muƙamuƙi. Suna da kyau, wanda ke da hali ya saya, ya dai auna bakin etonsa kafin ya tafi. Sai dai mayen ƙarfen da ke riƙe su shi ke kiran garin ƙarfe, don haka sun fi na gida son shara. Ni a ganina, wanda ya iya awo da yanka, kuɗɗinsa su tafi ga magagari mai kyau.

Kada kuma a ce na ce kowane aiki sai da gammo. Ɗanyen ƙarfe da za a sara, ko za a lanƙwasa da guduma, ba shi haƙora ya sha. Gammo na rage riƙo, ƙarfe mai nauyi na iya kuɓucewa ya sauka bisa ƙafa. Ƙarfe mai zafi, ko wurin walda, ba a kai mashi itace, ko fata, ko roba. Jan ƙarfe kaɗai ke tsayawa nan.

In kaya na zamewa cikin gammo, hannu zai so ya ƙara matsa. Wani har ya zura tiyo ga hannun eto don ya ƙara tsawo, wani ya buga da guduma. Ku koma ga lissafinmu: hannu ya riɓa tsawo, ƙarfi ya riɓa. Eto da yawa ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka kashedi, fashewa yake yi gaba ɗaya. Zamewa na nufin gammon bai dace da siffar kayan ba, ko akwai mai a jiki. Share man, ko ka sake gammo. Haka in ka kama abu a gefe ɗaya na baki, sa wani mai kaurinsa a ɗaya gefen, don muƙamuƙi kada ya karkace.

Ku masu gida, yaro abin da ya gani yake yi. In ya ga kana ɗauko gammo kafin ka taɓa kayan mutane, shi ma zai ɗauko ran da ba ka nan. Ba shi guntun aliminiyom da abin awo, ya ƙera nasa da hannunsa. Ku kuma masu kai gyara, ba rashin kunya ba ne ka ce, “Maigida, don Allah a sa mashi wani abu kafin a matse.” Kayanka ne, kai za ka hau su.

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya nemi eto mafi kusa da shi, a garaji ko a maƙera, ya gaida mai shi, ya roƙi izini ya auna. Lamba biyu za ku rubuto: faɗin baki, da zurfin wurin haƙora. Ga ta biyun ku ƙara 3. Ku kawo ma malaminku, ku zana fallen bisa kwali, ku yanka, ku koma ku gwada shi bisa eton kafin a taɓa aliminiyom.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.